Tayar baya na tsalle idan na sauke giya kafin kwana, a ina nake kuskure?

SabonHannu600

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu manyan mashina. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar nan. Na yi shekara shida ina hawa ƙaramin mashin mai cc 125, sai wata uku da suka wuce Allah ya hore min babban mashin na gudu mai cc 600, silinda huɗu, tsohon yayi ne babu ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a jikinsa. A miƙaƙƙiyar hanya ba ni da matsala da shi ko kaɗan, damuwata duk wajen rage gudu take.

Shekaranjiya ina giya ta biyar, gudu wajen 110, ga kwana ta hagu a gabana, sai na saki totur na kama kulochi na taka giya sau uku a jere har ta biyu sannan na saki kulochin gaba ɗaya kamar yadda na saba yi a ƙaramin mashin. Wallahi sai injin ya yi wata irin ƙara, allurar juyin inji ta haura sama da dubu 10, tayar baya ta fara tsalle kif kif kif a kan kwalta, bayan mashin ya riƙa kaɗawa dama da hagu sarƙa tana bugawa. Da na firgita sai na taka birkin baya, abin ya ƙara ta'azzara. Allah ne kawai ya tsare ban faɗi ba, amma sai da na fita daga hannuna na shiga hannun masu tahowa, da akwai mota da yanzu wani labarin ake.

Tun ina koyon mashin aka ce min kar in kuskura in kama birkin gaba da gudu, wai zai wuntsila da ni, shi ya sa da giya da birkin baya nake tsayawa. To yanzu wanne ake fara yi, birki ko sauke giya? Kuma me ya sa tayar ta yi tsalle, mashin ɗin ne da matsala ko hannuna ne?

BabanGiya

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara tsarewa. Mashin ɗinka lafiyarsa ƙalau, hannu ne, kuma gyaran ba wuya in ka yarda ka ajiye abin da aka koya maka a kan birkin gaba.

Birki shi ke rage gudu. Giya aikinta ta sa injin ya kasance a daidai inda kake so lokacin da za ka sake ba da wuta. Kai kuma ka juya abin, ka ɗora wa giya aikin birki. Ka duba gaban mashin ɗinka da kyau, faifan birki biyu manya manya ne a tayar gaba, na baya kuwa guda ɗaya ne ɗan ƙarami. Waɗanda suka ƙera shi ba da wasa suka yi haka ba. Da zarar ka fara rage gudu nauyinka da na mashin duk gaba suke komawa, shokar gaba ta nutse, tayar gaba ta baje a kan kwalta ta ƙara kamawa, ita kuwa ta baya sai ta yi sakayau. Ana cewa birkin gaba ke yin kusan kashi 70 na aikin tsayawa a mashin, a irin naku na gudu da yake gajere ne kuma nauyinsa a gaba yake, in aka matse sosai ya wuce haka nesa, har tayar baya takan ɗan ɗaga daga ƙasa. Taya da take sakayau ka ce ita za ta tsayar da kai?

Abin da ya same ka ga shi. Da ka kama kulochi ka saki totur, juyin injin ya faɗo ƙasa kusan kamar mashin na tsaye. Tayar baya kuwa tana nan tana juyawa da gudun 110. Ka sa giya ta biyu wadda a wannan gudun tana buƙatar injin ya yi juyi sama da dubu 10 a minti, sai ka saki kulochi farat ɗaya. Tayar ce dole ta jawo injin daga ƙasa zuwa can sama cikin ƙiftawar ido, injin ya turje, tayar ta rasa kamun kwalta, ta kama ta saki ta kama ta saki, shi ne tsallen da ka ji. Da ka ƙara mata birkin baya kuma ka ida kulle ta.

Maganar wuntsilawa, ba birkin gaba ke kayar da mutum ba, fizgarsa ke kayarwa. In ka cafke shi da ƙarfi lokaci guda, nauyi bai riga ya sauka a kan tayar gaba ba, sai ta kulle ta zame. Yadda ake yi shi ne ka ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, ka fara ja a hankali har ka ji fad, wato takalmin birki, ya taɓa faifai gaban mashin ya ɗan sunkuya, to daga nan ka ci gaba da matsewa da ƙarfi kana ƙarawa, kamar mai matse ruwa daga soso. Farkon ne kawai ke da taushi kuma bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Idan gudu ya ragu sai ka riƙa sassautawa, kar ka sake shi ɓat, don shokar za ta tunkuɗo sama mashin ya rikice maka daidai lokacin da kake son kwantar da shi.

Ka matse tanki da gwiwoyinka. Wannan mutane da yawa ba sa yi, sai su jibge nauyinsu a kan hannu, hannun ya sandare, daga nan ba ka jin abin da tayar gaba ke gaya maka kuma ba ka iya sarrafa totur. Gwiwa da baya su riƙe ka, gwiwar hannu a lanƙwashe, ido a can inda za ka ba a kan tayar gaba ba.

Tsarin kenan kafin kwana: saki totur, birkin gaba, gudu ya ragu, sannan giya ɗaya bayan ɗaya kana sakin kulochi a tsakaninsu, ka gama duka mashin na miƙe kafin ka kwanta.

SabonHannu600

Na gode yaya, wallahi yanzu na gane abin da ya faru. Amma wannan da nake jin masu manyan mashina na yi, fuum fuum kafin su tsaya, ado ne ko yana da amfani? Na ɗauka burga ce kawai.

BabanGiya

Wasu don burga suke yi amma asalinsa aiki ne, shi ne maganin matsalarka. Kana kama kulochi sai ka ɗan murza totur kaɗan ka mayar nan take, fuum, juyin injin ya tashi, a daidai lokacin ka taka giya ƙasa ka saki kulochi kafin juyin ya sake faɗowa. Ka ga injin ya riga ya hau inda sabuwar giyar ke nema, tayar baya ba ta da wani abin ja. Duka huɗun kusan tare suke faruwa, kuma ba sai ka kama kulochin har ƙarshe ba.

Wahalar tana hannun dama, domin yatsu biyu suna kan birki suna matsewa, babban yatsa da sauran biyun da tafin hannu su ke murza totur. Farkon koyo duk sanda ka murza sai ka ga ka ƙara jan birki ko ka sassauta, gaban mashin ya riƙa sama da ƙasa. Saboda haka ka raba koyon gida biyu. Ka fara ba birki, a fili ko hanyar da ba kowa, kana giya ta huɗu da gudu kaɗan ka sauke zuwa ta uku da ɗan murzawar nan, ka yi ta yi har ka daina jin mashin ya fizge ka gaba ko baya. In ya zabura gaba wutar ta yi yawa, in ya turje ta yi kaɗan ko ka makara wajen sakin kulochi. Sai hannu ya saba sannan ka haɗa da birki, ka bar yatsun su ɗan zame a kan hannun birkin yayin da wuyan hannu ke motsi.

Kafin ka iya wannan akwai hanya mai sauƙi: ka jira birki ya rage gudu sosai allura ta yi ƙasa, ka sauke giya ɗaya, ka saki kulochi a hankali a hankali. Yana cin kulochi kaɗan amma ba zai kulle maka taya ba. Inda za ka fi kiyayewa shi ne daga ta biyu zuwa ta ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta sauran, kuma firi na tsakiya. Ni ba na sa ta ɗaya sai na kusa tsayawa.

OgaBakanike

Duk abin da Baban Giya ya faɗa haka yake, bari in ƙara ta ɓangaren ƙarfe tunda shi nake taɓawa kullum.

Akwai abin da ake kira silifa kulochi, wato kulochi mai zamewa. A cikinsa akwai wasu 'yan tudu masu gangara, idan taya ce ke tura inji maimakon inji ya tura taya sai su ɗan buɗe faranten kulochin ya zame kaɗan, tayar ba za ta yi tsalle ba. Da a mashinan tsere kawai ake samu, yanzu har ƙanana irin Kawasaki Ninja 400 suna zuwa da shi. Daga yadda ka ba da labari naka ba shi da shi, ko kuma yana da shi ka fi ƙarfinsa da giya uku a jere. Sababbin manyan kuma suna da kwikshifta mai sauke giya, kwamfutar mashin ce ke ba da wutar da kanta kai dai taka giya kawai ba kulochi. Amma wanda ya koya da hannunsa ko wane mashin aka ba shi zai hau.

Ka san kuma injuna sun bambanta wajen turjiya. Mai manyan silinda biyu irin na Ducati in ka saki totur kamar an riƙo ka ta baya, mai silinda huɗu irin naka ya fi sauƙi, tsofaffin masu tu-sitirok (injin da ke ƙona fetur haɗe da man inji) kuwa kusan ba su da turjiyar sam. Shi ya sa da MotoGP, babbar gasar tseren mashin ta duniya, ta koma fo-sitirok irin injinka a 2002 maganar sarrafa wannan turjiya da ake kira birkin inji ta zama babban aiki a wajen injiniyoyi.

Wani haɗarin da ba a faɗa ba, abin nan da ke hana inji wuce jan layin da ke kan agogon juyin inji yana aiki ne kawai idan totur ke tura shi. In giya ka sauke da gudun da ya yi yawa taya ce ke juya injin, babu abin da zai tare shi, bawul na iya haɗuwa da fistin. Na buɗe inji irin wannan, bawul huɗu a lanƙwashe kamar an sa su a maƙera.

Tunda za ka fara dogaro da birkin gaba, dan Allah ka duba shi kafin komai. Man birki DOT 4 yana shan danshi daga iska, in ya tsufa ya yi zafi sai ya tafasa hannun birki ya yi laushi ya taho har jikin totur, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Leƙa ɗan kofin da ke kan hannu, in man ya yi duhu kamar tsohon man inji a zubar. Kar a zuba DOT 5 a ciki, shi na silikon ne ba sa haɗuwa. A duba kaurin fad, a duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, a duba sarƙa domin in ta yi sako-sako tana ƙara wannan bugun da ka ji.

MaiJanMashin

Ni fa ban yarda a watsar da birkin baya ba, kar sabon hannu ya karanta ya ɗauka ado ne. Eh a busasshiyar kwalta da gudu na gaba ne sarki, ba musu. Amma in ana ruwa ko akwai yashi ko tsakuwa a hanya ba za ka iya matse na gaba yadda nauyi zai koma gaba sosai ba, to tayar baya tana da sauran nauyi a kanta kuma birkinta na da amfani. Haka in ka ɗauki mutum a baya. Haka in kana tafiya a hankali cikin cunkoso ko za ka yi kwanar komawa baya, nan kam na baya ne da kulochi, ka kama na gaba kan mashin na karkace za ka tsinci kanka a ƙasa kafin ka sauke ƙafa. Ni ko da gudu nakan ɗan taɓa na baya kafin na gaba, yana sa mashin ya zauna. Mick Doohan, ɗan tseren mashin na ƙasar Ostireliya, da ya ji mummunan rauni a ƙafar dama a filin tsere na Assen da ke Holan a 1992 bai iya taka birkin baya, sai aka yi masa na babban yatsa a hannun hagu, da shi ya ci kambun duniya sau biyar a jere daga 1994 zuwa 1998. In ba shi da amfani me zai sa a sha wannan wahalar?

Sai kuma abu ɗaya da ke damuna da masu rage gudu da giya kaɗai, fitilar birki ba ta kamawa. Mashin mai cc 600 in ka saki totur a ƙaramar giya yana rage gudu fiye da yadda direban da ke bayanka ke zato, kuma ba abin da ya nuna masa. Ko ba ka buƙatar birkin ka ɗan taɓa shi fitila ta kama.

SabonHannu600

Toh na fahimta Malam. Saura ɗaya, idan abu ya faɗo gabana ba zato, yaro ko mota ta fito, a nan ma sai na tsaya ina sauke giya ɗaya ɗaya da fuum ɗin? Kuma in taya ta kulle me zan yi, in saki ko in riƙe?

BabanGiya

A'a, nan ka manta da fuum. Miƙar da mashin, saki totur, matse na gaba yadda na faɗa maka amma da sauri, na baya kaɗan, kama kulochi ka riƙe. Duk hankalinka ya tafi kan birki. In da hali ƙafar hagu ta riƙa taka giya ƙasa kulochi na kame, don ka tsaya a ta ɗaya ko da za ka buƙaci kaucewa na bayanka.

Tayar gaba in ta kulle za ka ji kan mashin ya yi sakwaf kamar ba ya taɓa ƙasa, sake birkin nan take ka sake kamawa, ba a jira ko kaɗan. Ta baya ce mai wuyar sha'ani. In ta kulle mashin na miƙe sambal kana iya ɗaga ƙafa a hankali. Amma in bayan ya riga ya fita gefe sosai ka saki farat ɗaya, tayar za ta cafki kwalta a karkace mashin ya miƙe da ƙarfi ya cilla ka sama ta ɗaya gefen, shi ne ake kira haisayid, kuma yana cikin faɗuwa mafi muni. A wannan halin gara ka ci gaba da takawa idonka na gaba har ka tsaya. Shi ya sa nake cewa a taka shi da sauƙi tun farko.

ABS an yi shi ne saboda wannan firgicin, BMW ce ta fara sa shi a mashin a 1988 a samfurinta mai suna K100, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi a sababbin mashinan da suka wuce cc 125 tun daga 2016. Kai da ba ka da shi yatsunka ne za su yi aikin.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka. A gudun kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, wato kafin ma yatsanka ya taɓa birki. Bayan ka kama, ƙwararre a kan kwalta mai kyau da taya mai ɗumi yana buƙatar wajen mita 40. A gudun 50 kuwa wajen mita 10 ne. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Saboda haka in kana wurin da abu zai iya fitowa yatsun nan biyu su kasance a kan birki tun kafin a buƙace su.

Za ka ji ana maganar shiga kwana da birki, ana sassauta shi kaɗan kaɗan yayin da mashin ke kwanciya. Gaskiya ne ana yi kuma yana da amfani, domin kamun taya guda ɗaya ne ake rabawa tsakanin birki da kwanciya, in ɗaya ya ƙaru dole ɗaya ya ragu. Amma ba yanzu ba ƙanena, sai yatsunka sun san bambancin kaɗan da kaɗan sosai.

SabonHannu600

Salam, na dawo da bayani. Na kai mashin an canza man birki, ashe ya yi baƙi ƙirin, an ɗaure sarƙa. Jiya da yau na samu fili mai kwalta ba kowa, na ajiye robar ruwa a matsayin alama, ina tahowa da 40 ina kama birki daidai wajenta. Na farko sai da na wuce taku ashirin da wani abu saboda tsoron matsewa, wajen karo na goma sha biyar na dawo taku goma sha ɗaya, kuma na ji abin da yaya ya faɗa, gaban ya nutse tayar ta kama kamar an dasa ta. Sau ɗaya ta yi ɗan ƙara na saki na sake kamawa. Fuum ɗin daga huɗu zuwa uku ya fara zama, amma daga uku zuwa biyu har yanzu yana fizgata in ina riƙe da birki.

BabanGiya

Madalla. Uku zuwa biyu na son wuta fiye da huɗu zuwa uku, ƙara murzawar kaɗan kuma ka jira allura ta ƙara sauka kafin ka taka. Duba hannun birkin ma, yawancinsu suna da ɗan abin juyawa mai lambobi, matso da shi yadda gaɓar farko ta yatsunka za ta zauna a kai ba tare da ka miƙe hannu ba. Ka zauna a 40 ɗin har sati ya zagayo sannan ka hau 60, kuma ka ɗan zaga tayoyin su yi ɗumi kafin ka fara matsewa da ƙarfi.